Ƙwayar Sukarin Malam Isuhu

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ga abin da na yi tun kafin in buɗe baki in faɗa. Balaraba, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki sassauta mini ko kalma ɗaya don ni na haife ki. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko, a allo ma iyakata ƙananan surori, amma kunnena bai taɓa cin amanata ba. Shekara biyu ke nan da aka kai babanku makwancinsa, kuma har yau idan na zuba shayi sai in ga na jera kofi biyu, in zauna ina kallon ɗayan har ya huce. Amma ba kewarsa ce ta sa na kira ki da littafi ba. Juma'ar da ta wuce ina kwance a ɗaki na ji babban yayanku a zaure yana ba baƙinsa labarin wani ɗan Najeriya, Malam Isuhu, wanda ya ci tuwon gidan nan wata shida, da aka kore shi ya yi wa babanku asiri ya juya masa hankali. Yana faɗa, baƙin suna salati. Wannan magana ƙarya ce. Daga bakina ta fara fita, ni ce kuma na bar ta ta girma har ta kai ga jikokina. Ina so in wanke mutumin nan kafin a wanke ni.

Mu a nan unguwar Bololo, a ƙasar Chadi, aka haife mu. Kakana ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka a ƙafa, ya tsaya a bakin kogin nan don ya huta wata biyu, hutun da ya kawo mu yau. Hausarmu ta sha Larabci har wani lokaci ba mu san wacce muke yi ba. Sababbin zuwa daga Najeriya kuwa, masu shaguna a babbar kasuwa, muna sallah tare, muna auratayya, amma a cikin gida mukan ce mutum ya riƙe aljihunsa idan suna magana. Da wannan aka rene ni. Babanku direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shekara talatin, Kusuri, Garwa, Ngaundere, Maiduguri, babu ramin da bai sani ba a hanyoyin nan. Shekarar da aka fara aikin mai a kudu, gari ya ɗauka cewa kamfani yana neman tsofaffin direbobi masu haƙuri, ga albashi, ga asibiti kyauta. Sai dai Nasaran da suka zo ba Faransanci suke yi ba, Ingilishi suke yi, kuma sai an zaunar da mutum an yi masa tambayoyi da baki kafin a ba shi mota. Wata rana babanku ya dawo daga tafiya ya makara da kwana biyu, bai ce mini komai ba, washegari ya mayar wa mai kamiyo makullinsa. Ya ce Ingilishi zai koya. Mutum ya haura hamsin, ya saki aikin da ke hannunsa tun bai kama wani ba. Ya kamata in tambaye shi dalili. Ban tambaya ba, murna na yi zai riƙa kwana a gida.

A babbar kasuwa ya samo Malam Isuhu, yana rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙa a ƙofar wani shagon atamfa. Mutumin wajen Zariya ne, wai ya taɓa koyarwa a makarantar boko. Suka yi yarjejeniya ba kuɗi a tsakani: za a ba shi ɗakin da ke jikin zaure da abinci sau uku har ranar da babanku ya ci jarrabawa, kuma da safe yana iya tara wasu ɗalibai a zauren. Ku riƙe wannan, har ranar da ya ci jarrabawa. A kan wannan duk zargina ya tsaya. Siriri ne, da tabarau ɗaure da zare, da farar riga ɗaya da yake wankewa kullum, amma ci kamar mutum biyu. Ba kuma mai sauƙin hali ba ne, kada ku ce na mai da shi waliyyi don ina jin kunyarsa. Ranar farko da na tura masa kisar, wainarmu mai faɗi ta garin dawa, da miyar kuɓewa, na leƙa ta bayan labule na ce:

“Malam, idan ka gama, kalas, a miƙo kwanon.”

“Inna, mene ne kalas?”

“Kalas mana. An gama.”

“To ki ce an gama. Ku mutanen nan kun bar Hausa a hanyar Makka, ba ku kai Makka ba, ba ku koma kun ɗauko ta ba.”

Babanku ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Bayan la'asar suke zama, a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ni kuma ina ƙofar madafa ina gyaran shinkafa ko tsinke ganye, komai a kunnena. Wata biyun farko abin ya tafi. Gaisuwa, ƙidaya, sunayen kayan mota, burki, taya, fitila. Da yake babanku bai iya boko ba, Malam Isuhu bai dame shi da takarda ba. Da kayan shayi yake koyarwa. Sai ya ajiye kofi a kan tabarma ya ce wannan shi ne mai yin abu, ni ko kai ko direba. Ya ajiye cokali a gabansa ya ce wannan shi ne aikin, tuƙi ko ci ko tafiya. Ya ajiye murfin buta ya ce wannan shi ne abin da aka yi wa aikin, mota ko kaya. Kofi, cokali, murfi, haka Bature yake jera maganarsa. Sannan wata rana ya sa hannu a gwangwanin sukarina ya ɗauko ƙwaya ɗaya, ya ɗaga ta sama.

“Maigida, yau mun zo wajen masu yawo. Akwai ƙananan kalmomi da ke faɗin yadda aka yi abu, ko yaushe, ko sau nawa. Su ne wannan sukarin. A Hausa ka ce kullum ina tuƙi, ka ce ina tuƙi kullum, babu mai kama ka. Bature ba haka ba. Kowace da kujerarta, kamar fasinja mai tikiti.”

Bari in faɗa miki darasin, Balaraba, ki rubuta kalmomin yadda suka fito daga bakina, don har yau yana nan a kaina kamar Fatiha. Idan kalmar tana faɗin sau nawa ne, irin olwes, wato kullum, ko neba, wato ba a taɓa ba, to sukari yana shiga tsakanin kofi da cokali. Idan tana faɗin yadda aka yi ne, irin siloli, wato a hankali, sai ta koma can baya, bayan murfi. Idan ta lokaci ce, irin yestade, wato jiya, tana iya zama a gaba can ko a baya can, duk wanda mutum ya so. Wuri ɗaya ne haramun: tsakanin cokali da murfi. Aiki da abin da aka yi wa aikin ba a raba su. Yakan buga tabarma ya ce, “Nan ba a zama! Ko gwamna ne a sauke shi!” Sai ya ba babanku sukarin ya ce, “Kullum ina tuƙa mota. Ajiye.” Idan ya ajiye daidai, babanku ya jefa sukarin a shayinsa. Idan ya kuskure, Malam Isuhu ya jefa a bakinsa ya tauna. Sukarina da yawa a bakin Malam Isuhu ya ƙare.

A nan karatu ya tsaya. Mako ɗaya, mako biyu, wata guda. Ni ban iya lissafin takarda ba, amma duk Juma'a nakan jefa ƙwallon tsamiya ɗaya a wani ƙoƙo, don in san tsawon zaman baƙo. Ƙwallo goma sha shida na jefa suna kan sukarin nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ɗaliban safe nake ji ta jikin bango, 'yan kasuwa huɗu masu zuwa Legas sayayya. Su ma ya kawo su wajen sukari, kwana shida suka yi suka wuce, suka shiga yadda ake tambaya da yadda ake ciniki. Da la'asar kuwa sai a dawo mini da kofi, cokali, murfi. Babanku da ya haddace hanyoyin ƙasa uku, a ce ya kasa sanin inda ake ajiye ƙwayar sukari? Na ce a raina, a'a. Wannan mutum ya ga ɗaki, ya ga tuwo, ya san ranar da maigida ya ci jarrabawa ranar zai naɗe tabarmarsa, shi ya sa yake jan karatun kamar danƙo.

Na faɗa wa maƙwabciyata Halime, Balarabiyar da ke sayar da turare. Kun san bakinta, Allah ya jiƙanta. Ta tafa hannu ta ce:

“Ya Ladi, sai yanzu kika gani? Mu tun tuni muke kallo ta kan katanga. Mijinki ya je masallaci, yana gefensa. Ya je kasuwa, yana gefensa. Ko amarya ba a raka ta haka. Wannan ba malami ba ne, makiyayi ne.”

Gaskiya ta faɗa, haka suke. Babanku ya daina fita shi kaɗai. Daga nan na buɗe ido sosai. Na lura idan na fito da buta sai su yi shiru. Na lura wani lokaci ba karatu suke ba, Malam Isuhu ne ke tambayarsa da Hausa a hankali, “Yau wace rana? Me ka ci da safe? 'Ya'yanka nawa, faɗa mini sunayensu.” Na ce to, ga shi yana ƙirga mana gida. Na fara gwada shi. Na rage masa nama, bai ce komai ba. Na ɓoye gwangwanin sukari, ya fita ya tsinto ƙwallon dabino ya ci gaba. Na sa gishiri ya yi yawa a miyarsa da gangan, ya cinye ya aiko da kwano da cewa a gaishe da mai girki, hannunta ya yi nauyi yau. Na yi wa babanku magana a ɗaki.

“Baban Balaraba, yaushe ne jarrabawar nan? An ce har an ɗauki kashi na biyu.”

“Malam ya ce ban nuna ba tukuna.”

“Mangwaro ne kai da za ka nuna? Wata nawa kuna abu ɗaya?”

“Ladi, ki bar mutumin nan. Yana yi mini abin da ba ki sani ba.”

“To sanar da ni.”

Ya juya fuska bango. Na ɗauka an rufe masa baki ne.

Abin da ya ƙarasa ni, ranar da na shiga ɗakin Malam Isuhu. Ban taɓa shiga ba, kuma bai dace in shiga ba. Sun tafi masallacin Juma'a, na ce zan share. Ba shara ta kai ni ba. Na ɗaga tabarma, na duba bayan ƙofa, ina neman laya ko ƙulli. Ban sami ko ɗaya ba. Amma a cikin wani littafi na sami permin babanku, takardar tuƙinsa, da hotonsa a jiki. Wannan takarda ko ni ban isa in taɓa ta ba, a aljihun ƙirjinsa take kwana shekara talatin. Na tsaya da ita a hannu. Mutum ya riƙe maka ƙafa, ya riƙe maka baki, yanzu ya riƙe abin da kake ci da shi. Na sa ta a ɗan tofina na fita.

Washegari da safe ɗalibansa huɗu suna zaure, babanku ma yana zaune a gefe. Na yafa mayafi, na ɗauki tiren shayi da kaina, abin da ban taɓa yi ba a gaban maza baƙi. Na durƙusa na ajiye kofi, cokali, murfi. Na ɗauki sukari na sa tsakanin kofi da cokali na ce olwes. Na mai da shi bayan murfi na ce siloli. Na kai shi gaba na ce yestade. Na nuna tsakanin cokali da murfi na ce nan ba a zama. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya fashe da dariya ya ce, “Kai, Inna ta fi mu!” Na ce:

“Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba, daga ƙofar madafa na iya. Ku kwana shida kuka yi. Mijina wata huɗu. Malam, tuwon ne bai ishe ka ba, ko ɗakin ne ya yi maka daɗi? Kuma wannan, me take yi a cikin littafinka?”

Na jefa permin a kan tire.

Malam Isuhu ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai dube ni ba. Babanku ya duba.

“Maigida, za ka yi magana, ko in yi?”

Babanku ya sunkuyar da kai. Na ga yatsunsa suna murza bakin tabarma. Ya girgiza kai kaɗan, sau ɗaya.

“Shi ke nan,” in ji Malam Isuhu. “Inna, an gama. Kalas, yadda kuke cewa.”

Kafin azahar ya ɗaure littattafansa da igiya. A bakin ƙofa ya tsaya, Halime tana jin sa daga tata ƙofar, ya ce da ni:

“Abu biyu. Kada ki bar shi ya fita shi kaɗai. Kada ki bari ya kama sitiyari. Idan kika bari, za ki gani.”

Halime ta dafe ƙirji ta ce, “Kin ji? Za ki gani! A gabana ya faɗa!” Kafin magariba unguwa ta ji, kuma ni na kai maganar gida uku da ƙafata.

To ga abin da ba wanda ya sani sai ni da Allah. Da la'asar ɗin washegari na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya na ce, Baban Balaraba, zo, ni zan koya maka, mako ɗaya ka je ka ci jarrabawarka. Ya zo ya zauna kamar yaro mai biyayya. Na jera kayan, na nuna masa, ya ajiye daidai. Na sake, ya ajiye daidai. Sau biyar. Na ce ka gani? Na tashi na duba tukunya, ban fi minti goma ba, na dawo na miƙa masa sukari na ce, kullum ina tuƙa mota. Ya riƙe sukarin. Ya dubi kofi, ya dubi cokali, ya dube ni. Ya ce, “Wanne ne ni a ciki?” Na sake daga farko. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ya riƙe sukarin ya daɗe, sannan ya ce, “Malam bai fito ba yau?” Shi da aka kori mutumin a gabansa. A nan ne abubuwa suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da na gani tun kafin Malam Isuhu ya taka gidan nan na kau da kai. Makullin mota da na tsinta a cikin randa. Sallar azahar da ya yi sau biyu. Ranar da ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu tun muna amare. Da tafiyar nan ta ƙarshe da ya makara kwana biyu. Na kwashe kofunan na shiga madafa na toshe bakina da mayafi don kada ku ji.

Bayan kwana tara ya fita sayen goro ban gani ba. Sai la'asar wata mai sayar da kifi ta riƙo hannunsa daga bakin kogi, ta ce ta gan shi yana tambayar mutane hanyar Bololo. Mutumin da aka haifa a Bololo. Mata suka cika gidan nan. Halime ta ce, “Ba ga shi ba? Za ki gani, ya ce. To mun gani.” Kowa ya juyo yana dubana. A lokacin na riga na sani, Balaraba. Rubuta wannan da kyau, na riga na sani. Na buɗe baki na ce, “Allah ya isa tsakanina da shi.”

Zuciyata ba ta bar ni ba. Na ji an ce Malam Isuhu ya koma unguwar Mursal, wani mai shagon littattafai ya ba shi rumfa. Na ce muku zan je dubiya, na hau kar, motar haya ta cikin gari, na tafi. Na same shi zaune a kan benci, ɗalibi ko ɗaya babu, rigar nan tasa ta yi dauɗa. Ya gan ni bai tashi ba.

“Inna, kin zo duba ko akwai sauran layu?”

“Malam, na zo ka gaya mini gaskiya.”

“Yanzu? Da kika shiga ɗakina ba ki nemi gaskiya ba, permi kika nema.”

Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce tunda na riga na gani da idona, babu sauran abin ɓoye mini, ya faɗa mini. Tun mako na uku ya gane. Ya tsare babanku, babanku ya yi kuka a gabansa, ya ce a hanyar Ngaundere ya tsaya a mararraba da kaya cike da mota ya rasa inda za shi da inda ya fito, kwana biyu yana zagaye. Shi ya sa ya mayar da makulli. Da farko ya sa rai hutu zai warkar da shi, ya koyi Ingilishi ya sami aiki mai asibiti. Da ya ga abin gaba yake yi, sai ya sa Malam Isuhu ya dafa Alƙur'ani kada ya faɗa wa kowa, har ni. Babanku ne ya ba shi permin da hannunsa, ya ce idan wata rana na manta na ce zan tuƙa, ka hana ni, kada in kashe 'ya'yan mutane. Muddin ana karatu, ba mai tambayar me ya sa direba yake zaune a gida.

“To me ya sa sukari kullum?” na ce. “Me ya sa ba ka wuce ba, ko don ni?”

“Na gwada wucewa. Sabon abu yana firgita shi, sai ya kwana bai ci abinci ba. Wannan kuwa hannunsa yakan tuna ko kansa ya manta. Ranar da ya ajiye daidai sau uku, ranar yakan tashi yana jin shi mutum ne. Ina ce kin ga yadda yake dariya.”

Na gani. Na ɗauka dariyar wanda aka shanye ce.

Na ce ya yafe mini. Ya ce:

“Tuwonki na ci, ban musa ba, kuma yana da daɗi in ban da ranar gishiri. Amma yafiya ba a nan take ba. A kasuwa yanzu ba mai ba ni wasiƙa, an ce ina juya wa mutane kai. Rantsuwata ta riƙe ni a gaban mutane, ke ba ki rantse wa kowa ba. Ki koma gidajen da kika kai maganar ki kwaso ta. Ranar da kika yi, na yafe.”

Na ce zan yi. Wallahi da niyyar yi na hau mota.

Ban yi ba. A watan nan ne dangin mijinki suka kawo gaisuwa, Balaraba. Kada ki ajiye alƙalamin, ba laifinki ba ne, ba ki san komai ba. Na zauna na auna. Idan aka ce asiri ne, daga waje ya zo, mutane za su tausaya mana, su kawo rubutu da addu'a. Idan aka ce kansa ne ya lalace haka kawai, za a ce a jini yake, a fara duban 'ya'yansa. Na ce bari a ɗaura aure tukuna. Aka ɗaura. Na ce bari ƙanwarki ma ta shiga ɗaki. Amma kada in ɓuya a bayanku, akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Ni ce na durƙusa a zaure a gaban maza na jefa takarda a kan tire. In koma gidan Halime in ce ni ce na yi kuskure, baƙon nan ɗan Najeriya ya fi ni sanin mijina, ya fi ni rufa masa asiri? Wuyana ya ƙi lanƙwasuwa. Bayan damina na sake hawa kar zuwa Mursal da ƙullin kisar da sukari pakiti ɗaya. Mai shagon ya ce ya tafi tun wata biyu, ya sayar da littattafansa ya yi kuɗin mota. Bai bar saƙo ba. Na dawo da sukarin gida muka sha.

Shekara shida babanku ya yi yana raguwa a hannuna. Kun kai shi wajen malamai, kun kai shi Kusuri wajen mai magani, kuna ta karya asirin da babu shi, ina kallo. Da kuka kai shi asibiti likita ya ce ciwon mantuwa ne, yakan fara a ɓoye shekaru kafin a lura, yayanku ya fito yana cewa likita bai san aikin mutanen Najeriya ba. Nan ma na yi shiru. Ya manta hanya, ya manta sallah, ya manta sunayenku, daga ƙarshe yakan dube ni da ladabi ya ce, “Baiwar Allah, ina matar gidan?” Amma duk la'asar idan na kawo shayi, sai ya jawo kofi, ya jawo cokali, ya cire murfin buta ya jera. Ya ɗauki sukari ya sa tsakanin kofi da cokali, daidai, ba kuskure. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin jikin zaure yana jira a ce masa ya yi daidai. Ku kuna cewa asirin ne ke motsawa. Ni nakan matsa kusa in ce, “Daidai ne, Maigida, sha abinka.” Sai ya jefa a shayi yana murmushi.

Ga abin da nake so. Ranar Juma'a mai zuwa yayanku ya tara baƙin nan nasa, waɗanda suka yi salati, a zauren nan da na yi abin, ki karanta musu wannan daga farko har ƙarshe, ni kuma ina bayan labule ina ji, kada a tsallake wajen da na ce na riga na sani. Sannan a kwafe shi a ba direbobin da ke zuwa Najeriya, su tambaya a wajen Zariya ko akwai wanda ya san wani Malam Isuhu mai tabarau ɗaure da zare, wanda ya taɓa zama a Chadi. Idan yana raye, a ce masa Ladi ta kwaso maganar, ta makara shekara takwas. Idan ya riga ni, a ba 'ya'yansa, su san ubansu ya riƙe amanar wani mutum har ta cinye masa suna, bai saki ba.

Permin yana cikin akwatina, ƙarƙashin likkafanina. Ki sa shi a cikin takardar da za a aika. A wurinsa aka ba da ajiya, ni ce na ɗauke.